Maganin Wuta A Cikin Maƙoshi, Da Wanda Ya Cancance Shi

 Ku sani a cikin 'yan shekarun nan likitocin Ingila da na Amurka sun yanke hukunci a kan wata mas'ala wadda suka daɗe suna saɓani a kanta, watau mas'alar ƙona fatar cikin maƙoshi da wutar lantarki domin a tare ciwon daji tun bai kama ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idodin magani a Ingila, wadda a ke kira NICE, ta fitar da nata hukuncin a 2023. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta fitar da nata a 2024. Sa'an nan a 2025 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda ya sake ta da maganar. Ya kamata mu zauna mu warware wannan al'amari daki-daki, gama akwai fa'ida a cikinsa ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban likita ana gaya masa abin da za a yi wa jikinsa.

Abin da zan kafa hujja a kansa guda ne. Wutar nan tana aiki, an gwada an gani. Amma amfaninta duka ya rataya ne a kan idon wanda ya duba naman mara lafiya ya ce ga matakin da cutar ta kai. In idon nan ya yi kuskure, sai a ƙona wanda bai kamata ba, ko kuwa a bar wanda ya kamata.

Asalin cutar

Maƙoshin da mu ke nufi a nan shi ne bututun da abinci ke bi daga baki ya gangara tumbi. Wanda ya karanta babin yanka ya san an rarrabe tsakanin hulƙumu, hanyar numfashi, da mari'u, hanyar abinci da abin sha. To, wannan na biyun shi ne abin maganarmu. Tsawonsa ga baligi kamar inci 10 ne, watau santimita 25. A ƙarshensa, inda ya haɗu da tumbi, akwai wata tsoka mai tsuke shi kamar yadda a ke tsuke bakin burgami. In tsokar nan ta saki, sai ruwan tsami mai narkar da abinci ya riƙa tasowa sama, mutum ya ji zafi a ƙirji da ɗaci a baki. Wannan shi ne ƙwannafi.

Fatar da ke shimfiɗe cikin maƙoshi fara-fara ce, irin ta cikin kunci, ba ta da ƙarfin jure tsami. In ƙwannafi ya daɗe shekara da shekaru, ga waɗansu mutane sai fatar ƙasan maƙoshi ta sake kama, ta koma ja, ta ɗauki siffar fatar cikin hanji. Wannan sakewar ita a ke kira cutar Barrett, da sunan Norman Barrett, wani likitan fiɗa haifaffen Ostareliya wanda ya yi aiki a asibitin St Thomas a Landan. A 1950 ya yi rubutu a kanta, amma a sa'an nan ya ɗauka tumbi ne ya jawu sama zuwa ƙirji. A 1953 waɗansu likitoci biyu, Allison da Johnstone, suka nuna maƙoshin ne da kansa ya sake fata. A 1957 Barrett ya yarda da maganarsu, sunan kuwa ya zauna a kansa har yau.

Ita wannan jar fata ba ciwon daji ba ce, mai ita kuma ba ya jin komai daban da ƙwannafinsa. Illarta ita ce a cikinta wani irin ciwon daji na maƙoshi ke tsira, ciwo mai wuyar magani in an makara. A Amurka, cikin mutum 5 da aka sami sankarar maƙoshi gare su, kamar mutum 1 ne ke kai shekara 5 a raye.

Martabobi uku

Likita ya kan san halin fatar ta hanyar zura wani siririn bututu mai fitila da ido a kansa, ta baki, ya leƙa, ya tsakuro ɗan nama nan da can. Naman nan sai a kai wa wani likita dabam, wanda aikinsa duban nama a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. Shi ne zai duba ƙwayoyin naman ya ga ko suna jere daidai, ko sun fara karkata daga siffarsu. Wannan karkata ita likitoci ke kira displeshiya, kuma da ita suka kasa cutar martaba uku.

Martaba ta farko, fata ta sake amma ƙwayoyinta ba su karkata ba. Mafi yawan masu cutar a nan su ke. Martaba ta biyu, ƙaramar karkata. Martaba ta uku, babbar karkata, wadda daga ita sai ciwon daji. Ko wace martaba da nata haɗarin, saboda haka ko wacce da nata hukuncin.

A da, wanda aka samu da babbar karkata, abin da a kan ba shi shawara shi ne fiɗa: a yanke maƙoshin, a jawo tumbi sama a haɗa. Wannan aiki ne mai nauyi ƙwarai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna a asibitocin da ba su saba yinsa ba, kusan mutum 20 cikin 100 ke rasuwa a sanadinsa, a waɗanda suka saba kuwa kusan 8 cikin 100. Wanda ya tsira ma cin abincinsa ba ya komawa kamar da. Saboda haka aka yi ta neman hanyar da za a kawar da fatar da ta ɓaci a bar wa mutum maƙoshinsa.

Yadda a ke ƙunar

Magani da wuta tsohon abu ne. A ƙasarmu mun san sakiya da lalas. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya buɗe babin fiɗa na littafinsa At-Tasrif da fasali 56 a kan ƙuna kaɗai, kuma ya gargaɗi almajiransa su san ƙirar jiki kafin su ɗauki ƙarfe. Abin da zamani ya kawo sabo shi ne awo: a san zurfin da wutar za ta kai, ta tsaya nan.

Ga yadda a ke yi. A kan yi wa mutum allurar barci, a zura bututun nan mai ido. Sa'an nan a zura wata 'yar jaka mai kama da balan-balan, an naɗe ta da siraran wayoyi, a hura ta har ta manne da bangon maƙoshi ko'ina. Sai a saki wutar lantarki mai kaɗawa da sauri irin ta zangon rediyo, kamar daƙiƙa ɗaya. Zafin ya kan cinye fatar sama, zurfin rabin milimita zuwa milimita 1, bai kai ga tsokar da ke ƙasa ba. In wurin da ya ɓaci kaɗan ne, akwai wani ɗan faranti da a ke ɗaurawa a bakin bututun a riƙa dangwala shi wuri-wuri. Mutum ya kan koma gida ran nan. Zai yi 'yan kwanaki yana jin zafin ƙirji, yana shan abu mai ruwa-ruwa, yana kuma shan maganin rage tsamin ciki, irin su omefirazol, safe da yamma.

Misalinsa kamar makiyayi ne da ya sa wa tsohuwar ciyawa wuta domin sabon toho ya fito. In an danne tsamin, fatar da za ta tsiro a wurin ƙunar ita ce fara ta asali. Ba kasafai a ke gamawa a zama ɗaya ba. A kan koma bayan wata 2 ko 3, sau biyu ko uku, har jar fata ta ƙare. Akwai kuma sharaɗi babba: in likita ya ga wani tudu ko ƙullutu a fatar, ba ya ƙona shi. Sai ya fara yanke shi ta cikin bututun ya aika a duba, domin wuta ba ta barin naman da za a bincika, kuma mai yiwuwa ne ciwon ya riga ya yi saiwa ƙasa da inda zafin ke kaiwa.

Na'urar da aka fi sani wajen wannan aiki ita ce Barrx, wadda hukumar Amurka ta yarda da ita a 2005, ta koma hannun kamfanin Medtronic a 2015. Akwai waɗansu hanyoyin, kamar ƙuna da iskar argon, ko daskarar da fatar da tsananin sanyi, amma ta lantarkin nan ita ce aka fi tara hujja a kanta.

Hujjojin da aka kafa

Hujja ta farko gwaji ne wanda Dokta Nicholas Shaheen na jami'ar Karolina ta Arewa ya shugabanta, aka buga a 2009. An ɗauki mutum 127 masu karkata, ƙarama ko babba, aka raba su da ƙuri'a: 84 aka ƙona musu, 43 aka zura musu bututu kawai ba a ƙona ba. Bayan shekara guda, cikin masu babbar karkata, kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka ƙona ba a ƙara ganin karkatar gare su ba, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 19 kawai. Ciwon daji ya fito ga mutum 1 cikin 84, ya fito ga mutum 4 cikin 43. Wajen illa kuwa, mutum 5 maƙoshinsu ya tsuke saboda tabon ƙuna, sai da aka buɗa musu. Ya kamata mai karatu ya sani kamfanin da ya ƙera na'urar shi ya ɗauki nauyin gwajin, ko da ya ke abin da aka samu a wurare dabam daga baya bai saɓa masa ba.

Hujja ta biyu daga Turai ta fito a 2014, ƙarƙashin likitocin Amsterdam ta ƙasar Holan. Wannan karon masu ƙaramar karkata kaɗai aka ɗauka, mutum 136, aka raba 68 da 68. Rabi aka ƙona musu, rabi aka riƙa leƙa su lokaci-lokaci. Cikin shekara 3, mutum 18 daga waɗanda a ke leƙawa cutarsu ta hau zuwa babbar karkata ko ciwon daji. Daga waɗanda aka ƙona kuwa mutum 1 tak. Amma mutum 8 daga cikinsu maƙoshinsu ya tsuke, aka buɗa musu.

Wanda ya ji wannan zai ce ai magana ta ƙare, duk mai ƙaramar karkata a ƙona masa. To, a nan ne gizo ke saƙar.

Mas'alar shaidu

Mutanen da aka sa cikin gwajin Holan ba da maganar likita ɗaya aka ɗauke su ba. Sai da ƙwararru suka sake duba naman ko wanensu suka tabbatar. Dalili kuwa shi ne ƙaramar karkata abu ne mai wuyar ganewa, domin kumburin da tsami ke jawowa ya kan sa ƙwayoyi su yi kama da masu karkata alhali lafiyarsu lau. Likitocin Amsterdam ɗin sun buga wani bincike a 2015 a kan mutum 293 waɗanda aka ce musu a asibitocinsu suna da ƙaramar karkata. Da ƙwararru suka sake dubawa, kashi 73 cikin 100 ba a tabbatar musu da ita ba. Waɗanda aka tabbatar musu, kamar 9 cikin 100 ne cutarsu ke hawa ko wace shekara. Waɗanda aka ce ba su da karkata kuwa, ba su kai 1 cikin 100 ba.

Ku dubi wannan da kyau. Suna ɗaya aka rubuta wa mutanen nan duka a takarda, amma kusan 3 cikin ko wane 4 ba su ne masu sunan ba. Da an bi takardar farko an ƙona musu, da sun sha zafi da kashe kuɗi da haɗarin tsukewar maƙoshi a kan abin da babu shi.

Saboda haka hukumar Ingila a 2023 ta gindaya sharaɗi irin na alƙali mai neman shaidu. Ba za a ƙona wa mai ƙaramar karkata ba sai an same ta a leƙe biyu dabam-dabam, kuma likitoci biyu masu duban naman ciki sun tabbatar. Ƙungiyar Amurka a 2024 ta kasa hukuncinta uku daidai da martabobin. Mai babbar karkata, ta ƙarfafa a yi masa. Mai ƙarama, ta fi son a yi, amma ta ce in ya fi tsoron illar aikin ya zaɓi a riƙa leƙa shi, bai yi wauta ba. Wannan sassauci yana da dalili, gama a gwajin Holan fiye da kashi 1 cikin 4 na waɗanda ba a ƙona ba an daina ganin karkatar gare su ba tare da an taɓa ta ba. Wanda ba shi da karkata ko kaɗan kuwa, ƙungiyar ta ce kada a mai da ƙuna al'ada a kansa.

Martaba ta farko

Hukuncin nan na ƙarshe shi ne wanda ya fi wa mutane wuyar karɓa. Mutum ya ji an ce fatar maƙoshinsa ta sake, ga na'ura a ajiye, ga kuɗi a hannunsa, sai ya ce ai rigakafi ya fi magani. Lissafi ne ke ba shi amsa. A ƙasar Denmak an bi sawun mutum 11,028 masu cutar Barrett, aka buga sakamakon a 2011: cikin mutum 1,000, kamar mutum 1 ne ke kamuwa da ciwon daji a shekara. In aka ƙona wa dubun nan duka, aka ƙiyasta da gwajin 2009, wajen mutum 60 ne maƙoshinsu zai tsuke. Ko da rabin haka aka samu, illar tana da yawa a kan abin da a ke gudu, kuma ƙunar ba ta ɗauke musu komawa asibiti ba.

Gwajin Birtaniya na 2025 ya ƙara wa wannan magana nauyi ta wata fuska. An ɗauki mutum fiye da 3,400 masu cutar, aka raba su biyu. Rabi a ke leƙa su ko wace shekara 2, rabi kuwa sai sun ji wata alama. Aka bi su fiye da shekara 10, ba a sami bambanci a yawan waɗanda suka rasu ba, kuma kamar 2 cikin 100 ne kawai suka kamu da ciwon a tsawon lokacin nan. Sai dai a lura, da yawa daga cikin rabi na biyun su ma an leƙa su sa'ad da suka kawo kuka, kuma gwajin bai shafi masu babbar karkata ba. Abin da ya nuna shi ne martaba ta farko tafiyarta a hankali ta ke, ba ta bukatar gaggawa.

Bayan ƙuna

Wanda aka ƙona wa kuma kada ya ɗauka ya sallami likita. Tsokar da ta saki tana nan a sake, tsamin da ya ɓata fatar farko yana iya ɓata ta biyu. A ƙasar Holan, inda aka tattara wannan aiki a 'yan asibitoci ƙwararru, ƙididdigar da aka buga a 2022 ta nuna fiye da mutum 9 cikin 10 jar fatarsu ta ƙare sarai, amma karkata tana komowa ga kamar mutum 1 cikin 100 ko wace shekara. Saboda haka shan magani da komawa a leƙa suna cikin aikin, kamar yadda noma ke cikin shuka.

Akwai kuma wani giɓi wanda na'ura ba ta cike shi ba. Mafi yawan waɗanda irin wannan ciwon daji ke kamawa, kamar 9 cikin 10, ba a taɓa sanin suna da cutar Barrett ba sai ran da abinci ya fara tsaya musu. Domin wannan ne Farfesa Rebecca Fitzgerald da abokan aikinta a jami'ar Kambirij suka ƙago wani ɗan soso cikin ƙwaya mai zare, mutum ya haɗiye, a jawo shi ya goge ƙwayoyin maƙoshi a duba. A gwajin da suka buga a 2020, an gano masu cutar wajen ninki 10 a kan hanyar da aka saba.

Abin da ya shafe mu

Cutar Barrett ta fi kama Turawa maza waɗanda suka haura shekara 50, musamman masu teɓa, da masu shan taba, da waɗanda ke da ita a danginsu. Ga baƙar fata ba ta kai haka yawa ba. Sankarar maƙoshin da ta fi yawa a duniya, kuma ta yi tsanani a gabashi da kudancin Afirka, wata iri ce dabam wadda ke tsira daga farar fata ta asali, ba ta bi ta hanyar Barrett. Daga cikin sanadinta akwai taba da giya, kuma a 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shan abu mai tsananin zafi, wanda ya wuce digiri 65, cikin abubuwan da a ke kyautata zaton suna jawo ta. Mai shan shayi ko kunu yana tururi, ya bari ya huce.

A wurinmu duk zafin ƙirji da na ciki olsa a ke ce masa, a sayi ƙwaya a sha. Mafi yawan ƙwannafi ba ya kai ga komai. Amma wanda abinci ya fara tsaya masa in ya haɗiya, ko yana ramewa ba dalili, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi, to, ya nemi asibitin da a ke leƙa ciki da bututu ba tare da jinkiri ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Wanda kuwa aka ce masa yana da cutar Barrett, a gida ko a wajen neman magani a Masar ko Indiya, aka kuma ba shi shawarar ƙuna, to, ga tambayoyi uku da ya kamata ya yi wa likita cikin ladabi. Ta farko, a wace martaba na ke, akwai karkata ko babu, ƙarama ce ko babba? Ta biyu, likita nawa suka duba naman suka yarda da haka? Ta uku, in na koma gida, wa zai riƙa leƙa ni, kuma bayan wata nawa? In martaba ta uku ce kuma an tabbatar, kada ya ji tsoron wutar, gama ta fi fiɗa sauƙi nesa ba kusa ba. In ta biyu ce da shaida ɗaya, ya nemi a sake dubawa. In ta farko ce, ya riƙe maganinsa, ya rage teɓa, ya bar taba, ya bi lokacin da likita ya sa masa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya. Haza wassalam.